Amos da Masu Sharhinsa: Awon Littafi Kafin Saye

Littafin Amos ba shi da girma. Surori 9 ne, ayoyi 146, mai karatu yana iya gama shi tsakanin azahar da la'asar bai gaji ba. Duk da haka sharhin da Francis Andersen da David Noel Freedman suka yi masa a 1989, cikin jerin Anchor Bible, ya doshi shafi 1000, wato kusan shafi 7 ke nan ga kowace aya. Kuma nasu ɗaya ne cikin masu yawa, da Jamusanci da Ingilishi da Faransanci. Wanda ke zaune a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, fasto ne ko ɗalibin makarantar tauhidi, malamin adabi ne ko Musulmi mai nazarin littattafan Ahlul Kitabi, ba shi da halin tara su ya jera a kanta. Guda ɗaya yakan ci kuɗin buhun gero tun kafin a yi maganar ɗawainiyar kawo shi. Saboda haka ɗaya zai saya, ko biyu in ya yi ƙoƙari, kuma abin da ya saya shi zai zame masa ido shekara da shekaru.

Nan nauyin zaɓin yake. Mafi yawanmu ba mu karanta Ibrananci, mai sharhi kuwa tafinta ne tsakaninmu da annabin. Akwai tafintan da in ya iske kalma mai wuya zai tsaya ya ce ma'ana biyu gare ta, ga wadda na ɗauka, ga dalilina. Akwai kuma wanda zai zaɓi ɗaya cikin ransa ya wuce da murya mai daɗi, mai saurare bai ma san an yi zaɓi ba. Wanda ya dogara ga na biyun zai hau mumbari, ko ya tsaya gaban allo, ya raba wa mutane hasashen wani farfesa na Jamus ko Amurka yana tsammanin maganar Amos ce. A ganina sharhin da ya cancanci kuɗin mai ƙaramin ƙarfi shi ne wanda ke aikinsa a fili, kuma ana iya gane shi cikin rabin sa'a in an san shafukan da za a buɗe. Kowane sharhi yana da kyau a kan ayoyi masu sauƙi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Irin wannan zaɓi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Almajiran tafsiri sun san Jalalaini ba ya aikin Ɗabari, Ɗabari kuma ba ya aikin Zamakhshari: na farko gajere ne mai bin kalma-kalma, na biyu rumbun ruwayoyi ne, na uku gwanin nahawu da balaga ne wanda ake karantawa ana lura da aƙidarsa. Abdullahi ɗan Fodiyo, bayan ya rubuta Diya'ut Ta'awil, ya sake rubuta Kifayatu Du'afa'is Sudan a taƙaice domin waɗanda na farkon ya fi ƙarfinsu. Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata mai karatu ya shirya masa. Tun ƙarni na 19, sharhin ilimi a kan Littafi Mai Tsarki yana yin wata tambaya da tafsiri ba ya yi: wa ya rubuta wannan aya, kuma yaushe? Wanda bai san da haka ba, ranar da ya ga an ce aya kaza an ƙara ta shekara 200 bayan rasuwar annabin, ko dai ya rufe littafin cikin fushi, ko ya haɗiye maganar ba tauna.

Abin da littafin ya faɗa game da mutumin kaɗan ne. Ɗan Tekowa ne, wani gari a kan duwatsun Yahuda, kimanin kilomita 16 kudu da Urushalima, amma a masarautar arewa, wato Isra'ila, ya yi wa'azinsa, zamanin sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara ta 760 kafin Miladiyya. Ayar farko ta ɗaure zamanin da wata girgizar ƙasa wadda har littafin Zakariya, a sura ta 14, ya tuna da ita. A shekarun 1950 masu tonon kufai ƙarƙashin Yigael Yadin sun iske bangaye karkatattu a Hazor, suka danganta su da wannan girgiza. Lokacin wadata ne da kwanciyar hankali ga manyan ƙasa. Amos ya ce musu ƙarshe ya zo, kuma kimanin shekara 40 bayan haka, a 722, Assuriyawa suka ci Samariya.

Shafin da ya kamata a fara buɗewa shi ne na sura ta 7, aya ta 14. Amaziya, firist na Betel, ya kori Amos, ya ce ya koma ƙasarsu ya nemi abincinsa da annabci a can. Amsar Amos jimloli uku ne gajeru: biyu suna kore masa sunan annabi da na almajirin annabawa, ta ukun tana faɗin sana'arsa. Babu ko ɗaya a cikinsu mai aikatau. Ibrananci yana barin irin wannan jimla ba lokaci, mahallin magana ke nuna ko yanzu ake nufi ko dā. Faransanci ba shi da wannan dama, dole mai fassara ya zaɓa tsakanin «je suis» da «j'étais». Fassarar Segond ta 1910 ta ɗauki yanzu, TOB ta ɗauki dā. Saɓanin ma tsoho ne, domin Septante, fassarar Girkanci ta dā, ta bi lokacin da ya wuce, Vulgate ta Latin kuwa ta bi na yanzu. Bambancin ba ƙarami ba ne. In yanzu ne, Amos yana raba kansa ke nan da dukan masu cin abinci da annabci, yana ƙin laƙabin gaba ɗaya. In dā ne, labarin kiransa yake bayarwa: can baya makiyayi ne kawai, sai Ubangiji ya ɗauko shi, yau kuwa annabi ne wanda firist ba shi da ikon rufe wa baki.

A nan Hausa ta fi Faransanci kusa da Ibrananci, kuma malamin harsunan biyu ba zai iya wucewa bai faɗa ba. In na ce wane maƙeri ne, ban ambaci lokaci ba. Kalmar «ne» ba ta ɗauke da jiya ko yau, sai in na sa mata «dā» ko «a wancan zamani». Mai fassara da Hausa yana iya barin ƙullin yadda yake, abin da ya gagari Segond da TOB. Amma muna da namu nauyin da Bafaranshe ba shi da shi. Kalmar «annabi» tushenta ɗaya da «nabi» ta Ibrananci, kuma ta shigo mana ta hanyar Musulunci ɗauke da girma da tsarki. Tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 da ita ake aiki. Bahaushe da ya ji mutumin da ake kira annabi yana kore wa kansa annabci, dole ya tsaya ya yi tambaya. Amsarta kuwa tana cikin tarihi: a Isra'ila ta wancan zamani akwai ƙungiyoyin annabawa, akwai waɗanda ke ci daga fada, akwai waɗanda ake biya. Sharhin da bai shimfiɗa wannan ba, bai kuma nuna cewa jimlar tana da fuska biyu ba, ya bar mai karatunmu a tsakiyar kogi.

A aya ɗin dai, da kuma ayar farko ta littafin, akwai batun sana'a. Wa'azi ya saba zana Amos a matsayin talaka ɗan kiwo da ya fito daga daji ya tsaya gaban masu kuɗi. Hoton yana da daɗi, amma kalmomin ba su tabbatar da shi ba. Kalmar «noƙed» da aka kira shi da ita a farkon littafi sau ɗaya kawai ta sake fitowa a dukan Littafi Mai Tsarki, a littafin Sarakuna na biyu, sura ta 3, kuma a can Mesha sarkin Mowab ake nufi, mai biyan haraji da dubban tumaki. Mai yiwuwa ke nan Amos mai garke ne, ba yaron kiwo ba. Sana'arsa ta biyu ta shafi wani itace da mu muka fi mutanen Turai sani, wato ɓaure. Kalmar aikin ba ta sake fitowa ko'ina ba, amma Septante ta fassara ta da ƙarcewa, kuma an san a Masar ana tsaga ɗanyun ƴaƴan ɓaure da wuƙa domin su nuna da wuri. Abin lura shi ne ɓaure ba ya yi a tudun Tekowa mai sanyi, sai a kwari, wajen Yariko ko gangaren yamma. Wasu suka ce ashe yana da gonaki a nesa. Wasu suka ce yakan sauka da garkensa ne ya yi wa masu itatuwa aiki su bar shi ya yi kiwo. Mu da muke ganin makiyaya suna sauka a gonaki bayan kaka, zuciyarmu za ta karkata ga na biyu. Hasashe ne duk da haka, kuma mai sharhi na ƙwarai zai kira shi da sunansa.

Shafi na biyu bai yi nisa ba: wahayi na uku, sura ta 7, ayoyi 7 da 8. Amos ya ga Ubangiji tsaye wajen wani bango, a hannunsa akwai wani abu mai suna «anak». Sau huɗu kalmar ta fito cikin ayoyin nan biyu, ba ta kuma fitowa ko'ina ba. An daɗe ana ɗaukarta a matsayin dalma, daga nan aka ce igiyar magina ce mai dalma a baki, wadda ake gane karkataccen bango da ita. Segond ta bi wannan, kuma wa'azi ba iyaka an gina shi a kai: Allah yana auna al'umma, ya iske ta karkace. A 1965 Benno Landsberger, masanin harsunan Mesofotamiya, ya nuna cewa takwarar kalmar a harshen Akkad kuza take nufi, ba dalma ba. In kuza ce, igiyar magina ta faɗi. TOB ta sa kuza. Daga nan masu sharhi suka rarrabu: bangon kuza alama ce ta rauni, tun da kuza ba ta da ƙarfi? Ko kuwa alamar makamai ce, tun da ita ake haɗawa da jan ƙarfe a samu tagulla? Ko kuwa wasan kalma ne da wata kalma mai kama da ita wadda ke nufin nishi? Hugh Williamson ya sake kare igiyar magina a 1990, don haka ba a rufe shari'ar ba. Ba na neman mai sharhi ya warware abin da ya gagari kowa. Abin da nake nema shi ne in ga kuza da dalma duka a shafinsa. Duk sharhin da aka buga bayan 1970 bai ambaci kuza ba, marubucinsa bai yi aikin gida ba, kuma wanda ya yi sakaci a nan ya yi a wani wuri.

Babbar rigima kuwa ita ce ta wa ya rubuta me. Jerin Hermeneia ya yi abin da ba a saba gani ba, ya buga sharhi biyu a kan littafi ɗaya, kuma sun saɓa kusan a komai. Na farko na Hans Walter Wolff ne, wanda ya fito da Jamusanci a 1969, da Ingilishi a 1977. Wolff yana kallon littafin kamar bangon gidan ƙasa da aka yi wa yaɓe kan yaɓe, ya ƙirga har shida: maganganun Amos kansa, jerin wahayi da hukuncin al'ummai, aikin almajiransa na farko, ƙarin da aka yi zamanin sarki Yosiya, gyaran marubutan zamanin bauta a Babila, sannan alkawarin ceto na ƙarshe. Na biyu na Shalom Paul ne, na jami'ar Ibraniyawa ta Urushalima, a 1991, wanda ke ganin kusan dukan littafin daga Amos yake.

Hanya mafi sauƙi ta auna su ita ce surori biyu na farko, inda aka jera hukunci a kan al'ummai takwas: Dimashƙu, Filistiyawa, Taya, Edom, Ammon, Mowab, Yahuda, sannan Isra'ila. Dabarar mai wa'azi a bayyane take. Ya fara da maƙiya, jama'a suna gyaɗa kai, yana ta matsowa, har igiya ta zarge wuyan masu gyaɗa kan. Wolff ya lura cewa na Taya da Edom da Yahuda sun bambanta da saura a siffa: laifin ya fi tsawo, hukuncin ya fi gajarta, kuma babu kalmar rufewa. Ya ce ƙari ne na baya. Paul ya amsa cewa kowane hukunci yana riƙe da na gaba da shi ta hanyar wata kalma da aka maimaita, kamar zoben sarƙa, in an cire uku sarƙar ta tsinke. Kuma mawaƙi yana da ƴancin sauya siffa. Wanda ya saurari mawaƙan fada ya san amshi ba ya dawowa daidai kullum, don haka hujjar siffa ita kaɗai ba ta gamsar da ni. Amma hukuncin Yahuda yana magana da wani harshe dabam, na ƙin shari'a da rashin kiyaye dokoki, ba na takamaiman zalunci irin na saura ba, kuma a nan ina ganin Wolff ya fi Paul gaskiya. Abin yabo ga duka biyun shi ne sun ajiye hujjojinsu inda mai karatu zai iya saɓa musu.

Ƙarshen littafin, sura ta 9 daga aya ta 11, shi ne wurin da aƙidar mai sharhi ta fi fitowa. Bayan surori takwas da rabi na hallaka, sai ga alkawarin ta da rusasshiyar bukkar Dawuda, da yalwar inabi, da komowar kamammu. Julius Wellhausen tun 1892 ya ce wannan ba muryar Amos ba ce, kuma yawancin masana sun bi shi, domin rusasshiyar bukka ta fi dacewa da bayan faɗuwar Urushalima a 587. Paul ya ce rabuwar masarauta biyu bayan Sulemanu ta isa a kira ta rushewa. Andersen da Freedman su ma sun mayar da kusan komai ga annabin ko wani na kusa da shi. Jörg Jeremias, a sharhinsa na 1995, ya sauya tambayar: ya ce abin da ke hannunmu littafi ne da mutanen da suka ga faɗuwar Samariya suka tsara, suna karanta Amos tare da Yusha'u, saboda haka neman ainihin lafazin annabin aikin banza ne, kuma ƙarin da aka yi shi ma karatu ne da ya cancanci a saurara. Göran Eidevall a 2017 ya ƙara nisa a wannan hanya, ya mai da hankali ga littafin, ya bar neman mutumin. Ga Kirista akwai ƙarin dalilin kula da waɗannan ayoyi, domin su Yaƙub ya kafa hujja da su a sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni, wajen karɓar waɗanda ba Yahudawa ba. Kuma da Septante ya kafa ta, inda aka karanta ƴan adam a wurin da Ibrananci ke cewa Edom. Baƙaƙen kalmomin biyu kusan ɗaya ne. Sharhin da ya ɓoye wa fasto wannan ya cuce shi, domin wata rana ɗalibi mai ido zai gwada shafukan biyu.

Akwai aya guda da ɗan Afirka ba zai tsallake ba, ta 7 a sura ta 9, inda aka daidaita Isra'ilawa da mutanen Kush a gaban Ubangiji, aka kuma jera fitowarsu daga Masar tare da ƙaurar Filistiyawa da ta Suriyawa. Kush ita ce ƙasar kudancin Masar, cikin Sudan ta yau. Wasu tsofaffin masu sharhi na Turai da Amurka sun ɗauka zagi ne, wai an kwatanta Isra'ila da wulaƙantattun baƙaƙe, bayi. Wannan daga zamanin masu sharhin ya fito, ba daga ayar ba. A ƙarni na 8 kafin Miladiyya Kush daula ce mai tasowa, kuma wajen 728 sarkinta Piye ya ci Masar da yaƙi, zuriyar gidansu ta zama ta fir'aunoni. David Tuesday Adamo, masani ɗan Nijeriya, ya bi wannan batu a littafinsa na 1998 a kan Afirka da mutanenta a Tsohon Alkawari. Tun da tsofaffin littattafan nan su ne ake samu kyauta a intanet, su kuma masu kyautar littattafai suka fi aiko mana, ya kamata a buɗe wannan shafi kafin a yi godiya.

Sauran abin da ya sa ake son Amos shi ne kukansa a kan zalunci, kuma nan ne tarkon mai karatunmu yake. Sura ta 8 tana zancen ƴan kasuwa masu ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe rumbu, masu rage mudu, masu ƙara nauyin awon kuɗi, masu sayar da shara a cikin hatsi. Sura ta 2 tana zancen tufafin jingina da aka ƙi mayarwa, sura ta 5 tana zancen cin hanci a ƙofar gari, inda dattawa ke shari'a. Wanda ya ga yadda ake danne gindin tiya, ya ga an saye gero da kaka an ɓoye sai bazara, zai ce ai ba ya bukatar sharhi. Yana bukata, domin kamanni yana sa gaggawa. Sharhi na ilimi zai kawo shaidar ƙasa: gutsattsarin hauren giwa da aka tono a Samariya a shekarun 1930, tsingaron da aka samu a can a 1910 masu lissafin mai da ruwan inabi, da wani tsingaro da aka samu a 1960 kusa da Yabne, inda wani mai girbi na ƙarni na 7 ke kai ƙara an ƙwace masa riga. Zai kuma faɗi iyakar shaidar. Roland de Vaux ya ce ya ga unguwar masu kuɗi da ta talakawa a kufan Tirza, littattafai da yawa suka maimaita, daga baya wasu masana suka sake duba rahoton suka yi shakka. Daniel Carroll, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Gwatamala, ya nuna a sharhinsa na 2020 cewa ana iya karanta Amos daga ƙasar matalauta ba tare da an mai da shi ɗan jam'iyya ba. Shi kuwa Africa Bible Commentary na 2006, aikin marubuta 70 ƙarƙashin Tokunboh Adeyemo, wanda ya fito da Faransanci a 2008, yana magana da mu kai tsaye, kuma wannan alheri ne. Amma dukan Littafi Mai Tsarki ne cikin kundi ɗaya, rabon Amos ƴan shafuka ne. Abokin tafiya ne, bai isa ya zama jagora a wuraren da muka lissafa ba.

Mai karanta Faransanci kaɗai zaɓinsa bai da yawa. Akwai na Samuel Amsler na Lozan, cikin kundin 1965 na Commentaire de l'Ancien Testament wanda ya haɗa shi da Edmond Jacob da Carl Keller. Gajere ne, mai tsabta, yana faɗin matsalar nassi ba tare da ya nutsar da mutum ba, sai dai shekarunsa sun nuna: ya riga Wolff fitowa. Akwai na Robert Martin-Achard na Janeba, a 1984, wanda ba bin aya-aya yake ba, yana gabatar da mutumin da saƙonsa da yadda aka karanta shi daga baya. Sai na Pietro Bovati da Roland Meynet, a 1994, wanda ke bin tsarin magana, yana nuna yadda farko ke amsa ƙarshe, na biyu ke amsa na kusa da ƙarshe, har a iso cibiya. Jan de Waard ya riga ya nuna irin wannan tsari a sura ta 5 tun 1977, kuma a can abin a fili yake. Wannan hanya ce Michel Cuypers ya bi a kan Suratul Ma'ida a 2007, don haka wasu masu karatunmu sun san ta. Malamin adabi zai ji daɗin littafin ƙwarai. Tsorona shi ne wanda ya fita neman daidaito ba ya dawowa hannu sake, kuma a wasu surori sai in ga kamar allon zanen ne ke jan nassin. Bugu da ƙari tambayoyin tarihi ba su ne damuwarsu ba.

In littafi ɗaya ne, kuma mutum yana iya Ingilishi ko da da ƙamus, na Paul zan nuna masa, ko da yake ban yarda da shi ba a kan hukuncin Yahuda da ƙarshen littafin. Dalili shi ne babu wanda ya kai shi haƙuri a kan kalma. Yana kawo shaidar harshen Akkad, yana kawo malaman Yahudawa na dā irin su Rashi da Ibn Ezra da Kimhi waɗanda sharhin Jamusawa ya saba tsallakewa, yana kuma lissafa ra'ayin waɗanda ya saɓa musu a ƙasan shafi, ta yadda mai littafi ɗaya zai san abin da ke cikin guda ashirin. Aibinsa ga irinmu shi ne Ibrananci da yawa, wanda bai san ko baƙaƙen ba zai sha wuya. In biyu ne, a ƙara na Jeremias, domin gajere ne kuma yana tsaye a ɗaya gaɓar. Wanda Faransanci kaɗai ya iya, ya nemi Amsler, ya ajiye Segond da TOB a buɗe gefe da gefe: duk inda suka saɓa, akwai ƙulli a Ibrananci, nan zai tambayi sharhinsa. Na Andersen da Freedman na ɗakin karatun makaranta ne, ba na aljihun mutum ɗaya ba.

Ga masu aikin fassara da koyarwa da Hausa akwai wani ƙaramin littafi da ba a cika ambata ba, jagorar mai fassara da de Waard ya rubuta tare da William Smalley a 1979. Ba ya shiga rigimar yaɓe shida, tambayarsa ita ce yadda za a faɗi magana da wani harshe. Amfaninsa yana fitowa a wuri irin farkon sura ta 8, inda Amos ya ga kwandon ƴaƴan itace na rani, «ƙayis», aka ba shi amsa da «ƙes», wato ƙarshe. Wasan kalmar ya dogara ga sauti, fassarar kalma-kalma tana kashe shi. Bible de Jérusalem ta ceto shi da kalmar «mûr», ta yi aiki da ita ga ƴaƴan itacen da kuma al'ummar. Hausa tana da «nuna», wadda ke faɗin abin da ya isa tsinka, tana kuma faɗin gwada wa mutum abu, kuma wahayin da gwadawa ya fara.